Neman shawara: wane intanet zan sa a shagona a Daura?

Mai Sabon Shago, Daura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kama shago a nan Daura, zan riƙa buga takardu, fotokwafi, cike wa ɗalibai fom na makaranta da na neman aiki, da duba sakamakon jarrabawa. Kwamfuta huɗu ne sai firinta ɗaya. Na zaga wajen masu kayan waya, kowa da tasa. Wannan ya ce mifai, 'yar na'urar intanet ta aljihu, ta ishe ni, wancan ya ce rauta mai 4G, wato akwatin da ake sa wa layi yana raba intanet, wani kuma ya ce in daure in tara kuɗi in sa Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam. Mai rautar ya nuna min 150 Mbps a jikin kwali, wai fayil mai mega 150 cikin daƙiƙa ɗaya zai sauka. Ya kuma ce tana da 5G, har ya nuna min sunan waifai ɗinta da 5G a ƙarshe. Ga kuma tsarin data da suke cewa anlimited, wai ba ya ƙarewa. Jarina ba yawa, ba na son in sayi abin da zan ture ƙarƙashin tebur. Masana, a taimaka min.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a shagon. Mai kayan nan ya haɗa maka abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gudun intanet da megabit ake auna shi, shi ne Mbps ɗin da ka gani. Girman fayil kuma da datar da kake saye da megabayit ake auna su. Bit 8 ne ke yin bayit 1. Ke nan 150 Mbps bai kai megabayit 19 a daƙiƙa ba, ko da rautar ta yi iyakar gudunta. Ba za ta yi ɗin ba ma, domin 150 iyakar abin da na'urar za ta iya ɗauka ne in an ba ta. Abin da zai iso maka a shago turken sabis ɗin unguwarku ne zai yanke shi.

Batun 5G kuwa, can ne ake cutar mutane da yawa, wani lokacin shi kansa mai sayarwar bai sani ba. Rauta da yawa suna watsa waifai a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, sai a taƙaita sunan na biyun a rubuta 5G. Wannan tsakanin rautar da kwamfutocinka ne kawai, a cikin ɗaki. Na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya son bango, na 2.4 ya fi nisa. Ita 5G ta kamfanonin waya daban ce, tsakanin layinka da turke take. A Disamba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon 3.5 GHz na 5G, MTN ta fara aiki da ita a 2022, Airtel a 2023, kuma daga manyan birane aka faro. Rautar da aka rubuta wa 150 Mbps ta 4G ce. Ko da ka samu mai 5G ta gaskiya, sai ka tabbatar sabis ɗin ya iso ƙofar shagonka kafin ka biya kuɗinta.

Mifai ka cire ta daga lissafi. Ta matafiyi ce, batirinta ba ya son kwana a caji kullum, yawancinsu kuma ba su da wajen sa kebul.

Hajiya Mai POS, Sabon Layi:
Ni ban iya lambobin nan ba ɗana, amma abu ɗaya sana'a ta koya min: kada ka zauna da layin kamfani ɗaya. Ka tuna watan Maris na 2024 da kebul na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa? Bankuna ma tsayawa suka yi. Wanda ke da layi biyu ya ɗan lallaɓa, mai ɗaya sai zaman ba kwastoma haƙuri. Ka nemi rautar da ke karɓar kowane layi, ba wadda aka kulle ba.

Ɗan Mai'adua:
In shagon ya yi wajen hanyar Kwangwalam ka kula. Mu nan wayarka na aljihu sai ta kama sabis ɗin Nijar ba tare da ka tsallaka ba, ka ga Moov ko Zamani a saman allo. Shi ne romin, kuma kuɗinsa daban ne. Ka kashe romin ɗin data, ka zaɓi kamfaninka da hannu. Cikin garin Daura dai da sauƙi.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa, Katsina:
Injiniya ya yi bayani, amma ina ganin an tsaya a kan saukewa, alhali aikin yaron nan rabinsa ɗorawa ne. Hoton fasfo, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, duk turawa zai yi. A layin waya gudun ɗorawa yawanci ƙasa yake da na saukewa, ita rautar mai 150 ɗin ma 50 ce iyakarta wajen ɗorawa. Sai abu na uku da kwali ba ya faɗa, wato jinkirin amsa, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan. In ya yi yawa ko yana hawa da sauka, a nan ne za ka danna tura fom shafin ya yi ta juyi, har lokaci ya ƙare ka sake daga farko, yaro na tsaye a kanka.

Kada sandunan sabis na saman waya su ruɗe ka. Su ƙarfin siginal suke nunawa, ba yawan mutanen da ke kan turken ba. Turke kamar famfon unguwa yake, da hantsi kai kaɗai ne, bayan magariba kowa ya zo da bokitinsa. Saboda haka kafin ka sayi komai, ka ari layin kowane kamfani, ka zauna a cikin shagon, ba bakin titi ba, ka gwada da fast.com ko Speedtest da safe, da rana, da dare. Ka rubuta lambobi uku: saukewa, ɗorawa, jinkiri. Layin da ya fi tsayawa daram shi ne naka, ko da wani ya fi shi gudu da asuba.

Matashi Mai Sola:
Yallaɓai duk wannan wahalar ta mece ce? Starlink kawai. Tun Janairu 2023 take Najeriya, mu ne farko a Afirka. Taurarinta suna kusan kilomita 550 daga ƙasa, ba irin na da ba masu nisan kilomita 35,786 da jinkirinsu ke kai milisakan 600. Ba ruwanka da turke.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Abin da ka faɗa gaskiya ne, amma mutumin ya ce jarinsa kaɗan ne. Bayan kuɗin faranti akwai na wata-wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tana cin wuta tsakanin watt 50 zuwa 100 gwargwadon samfurin, ke nan sai ya ƙara batir da sola. Tana son sarari ba bishiya ba bene, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa ta. Kwamfuta huɗu masu cike fom ba su kai nan ba tukuna. Ran da shagon ya girma ko maƙwabta suka yarda a haɗa kuɗi, sai a sake zama. In faiba, wato intanet ta kebul da ake jawowa har cikin shago, ta biyo ta layinku, ita zan fara tambaya kafin komai.

Na manta da anlimited. Ka tambayi ƙa'idar tsarin kafin ka biya: bayan giga nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa? Da yawa ba a yanke ka, amma ana shaƙe gudun har wata ya ƙare.

Mai Sabon Shago, Daura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba tsohon ma'aikacin sadarwa na gwada. Layi ɗaya da safe ya ba ni sama da 20 Mbps, da dare ya faɗo ƙasa da 3 duk da sandunan a cike suke. Ɗayan bai wuce 8 ba amma bai sauka sosai ba, sai dai sandansa biyu ne a cikin shago, in na fito waje ya ƙaru. Wanne ke nan?

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa, Katsina:
Na biyun. Na farko cunkoso ne ke damunsa, wannan ba ka da maganinsa. Na biyu raunin siginal ne, kwanon rufi da bulo ke tare shi, kuma wannan yana gyaruwa. Ka sayi rauta mai wajen ɗaura eriyar waje, ko ka kafa ta sama kusa da taga. A ƙarƙashinta akwai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka rubuta shi a burauza ka shiga, ka nemi RSRP, wato ma'aunin ƙarfin siginal. Lambar da alamar ragi take zuwa: -80 mai kyau ne, -110 ya yi rauni. Ka riƙa matsar da rautar kana kallon lambar har ka samu wuri. Kana ciki ka canza faswod ɗin da ta zo da shi, in ba haka ba yaran layi za su taya ka shan data.

Kwamfutocin ka ja musu kebul na Cat6, yana kai mita 100 ba matsala, in ramukan rautar ba su isa ba ka ƙara ƙaramin suwic, akwatin da ke ƙara ramukan kebul. A kowace ka nuna wa Windows cewa datar ta awo ce, don kada ta yi ta sauke sabuntawa a ɓoye. Layin farko ka bar shi a waya, don ranar da wannan ya ɗauke. In kuma kamfani ya ci maka kuɗi ka kai ƙorafi ba su kula ba, lambar NCC 622 ce, kyauta ake kira.

Hajiya Mai POS, Sabon Layi:
In ka buɗe ka faɗa mana layin da shagon yake, akwai yara biyu a gidana masu neman Poli ta Daura bana.