Neman shawara: an yi wa ƙanwata fyaɗe, amma ita ake tuhuma

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya wani mutum da danginmu suka sani, kuma suka amince da shi, ya yi wa ƙanwata fyaɗe. Tun da ta faɗa, babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa ya aikata, sai ita ake tsarewa da tambayoyi: me ya kai ki wurinsa, wace sutura kika saka, me ya hana ki yin ihu? Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na yi mata tambayar ihun nan, kuma tun lokacin ta daina yi mini magana. Yaya zan gyara, kuma me zan faɗa wa manyanmu?

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, kafin komai ki kai ta asibiti yau, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuwa cikin kwana 5. Batun ihu kuma, tsananin tsoro yakan sandarar da jiki har mutum ya kasa motsi ko buɗe baki. A wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mata kusan 300 da aka yi wa fyaɗe, a Stockholm babban birnin Sweden, 7 cikin 10 sun ce hakan ya same su. Shirunta ba yarda ba ce.

Wani malami: Masanin halayyar ɗan Adam Melvin Lerner ya nuna cewa mutane suna son su gaskata cewa masifa ba ta faɗa wa kowa sai da dalili, saboda haka idan suka gano wa wadda aka zalunta wani kuskure, sai hankalinsu ya kwanta cewa nasu 'ya'yan sun tsira. Ga kuma nauyin tuhumar wanda ake ganin mutuncinsa, alhali yawancin masu wannan ta'asa sanannu ne ga waɗanda suka cutar. Ki tambayi manyanku cikin ladabi: da kuɗinta ya ƙwace, wa za su kama?

Wata uwa: 'Yata, ki je ki ba ta haƙuri ba tare da kawo uzuri ba, ki ce mata kin yarda da maganarta kuma ba laifinta ba ne. Kada ki bari a kashe maganar da sunan rufin asiri ba tare da an ji ta bakinta ba, domin asirin mai laifin ake rufawa.

Mai tambaya: Na gode muku. Na ba ta haƙuri, ba ta ce komai ba, amma ta amince mu tafi asibiti tare yanzu.