Muhawara: A miƙa kuɗin agaji hannun 'yan gida

Ɗan Gwange: Salamu alaikum jama'a, yau sai na faɗi abin da ke raina. A 2016 manyan masu bayar da agaji suka taru a Istanbul, suka yi alkawarin nan da 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin 'yan gida. Wa'adin ya wuce, abin da ya iso kai tsaye bai kai kashi 5 ba. Mu 'yan ƙananan ƙungiyoyin Borno mu ke bin hanyar Dikwa da Monguno a mota, su na ƙungiyoyin waje suna hawa jirgi mai saukar ungulu. Ƙungiyar da ta ba mu aiki tana cire kuɗin tafiyar da ofishinta, mu ko na haya ba a ba mu. Da dam ɗin Alau na kusa da Maiduguri ya fashe a Satumban 2024, wa ya fara ciro mutane daga ruwa? Matasan unguwa ne da kwalekwale. A ba 'yan gida kuɗin nan kawai.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wane ne ɗan gida? Ƙungiyar da aka yi wa rajista a Abuja, mai ita bai taɓa kwana a Borno ba, ita ma a takarda 'yar gida ce.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri Malam. Har na cikin Maiduguri ma, in suka zo Bama baƙi ne a wurinmu. Da tafinta suke mana magana.

Ɗan Gwange: Haba Hajiya, ni da aka haifa a Gwange ne baƙo a Borno?

Uwar Biyu: Ka iya Kanuri? Ka iya Shuwa? Matan da ke layin karɓar abinci ba duka ke jin Hausa ba. Sai a karanto musu tambayoyi su ɗaga kai, a rubuta sun amince.

Ɗan Biu: To mun zo wurin. Kullum aka ce Borno sai a ce Kanuri. Gwoza fa? Chibok fa? Mu Babur da Marghi daga sama muka faɗo?

Uwar Biyu: Ban ce haka ba ɗana, kar ka sa min magana a baki.

Ɗan Biu: Kin faɗa Hajiya, ga shi a rubuce.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku ji tsoron Allah. Saifura Khorsa da Hauwa Liman ungozomomi ne, 'yan ƙasar nan. A Rann aka sace su a Maris 2018, aka kashe su a shekarar. Aikin da ICRC, wato Red Cross ta duniya, ke tallafawa suke yi. Su 'yan gida ne ko baƙi? Galibin ma'aikatan ƙungiyoyin wajen nan namu ne, kuma in an kai hari gawar namu ake ɗaukowa.

Malamin Firamare: Allah ya jiƙansu. Amma 'yata, albashi suke ɗauka, ba su ke yanke shawarar inda kuɗi zai je ba.

Tsohon Ma'aikaci: Ni a wurina ɗan gida ita ce gwamnati. Ga hukumar agajin gaggawa ta ƙasa NEMA, ga ta jiha SEMA. Gwamna Zulum ya rufe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri a 2021 duk da surutun ƙungiyoyi, mutane suka koma garuruwansu.

Uwar Biyu: Suka koma ina, Baba? Ka je ka ga inda suka koma?

Tsohon Ma'aikaci: Ke dai ba kya son gwamnatin nan, kowa ya sani.

Ɗan Diffa: Mu a Nijar mun gama wannan magana. A Fabrairun 2025 hukuma ta ce Red Cross ta duniya ta tattara ta fita. Ƙasa mai 'yanci ke nan.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, da suka fita wa ya karɓi marasa lafiyar?

Ɗan Diffa: Ku fara gyara taku ƙasar tukuna.

Ɗan Biu: Mu dai ba soja ke mulkinmu ba.

Ɗan Gwange: Jama'a, ni maganar kashi 25 na kawo. Tun da Trump ya dakatar da kuɗin hukumar agajin Amurka, USAID, a farkon 2025, mu ƙanana aka fara sallama. Babu wanda zai ce komai a kan wannan?

Malamin Firamare: Sai mun san wanda za a ba tukuna.

Mai Kula da Zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. Kusan kowa ya yarda ba duk mai takardar rajista ne ɗan gida ba, kuma wanda bai iya harshen mutane ba bai kamata ya riƙe kuɗinsu ba. Hujjar Hajiya Uwar Biyu babu wanda ya iya ture ta, mu da muka fito daga Bama mun san gaskiya ta faɗa. Maganar Biu da ta Nijar son zuciya ne, ban sa su a lissafi ba. Kashi 25 kuma sai wani zaman. Na rufe.

Ɗan Biu: Wa ya yarda? Ni ban yarda ba. Ka buɗe.