Shawarwarin da aka bayar kan fitilar tsohuwar hayis

Wani maƙwabcinmu a Ƙofar Ƙaura ya mayar da tsohuwar Toyota HiAce ɗinsa motar kwana, har da katifa a baya, amma fitilunta kamar aci-bal-bal, musamman a hanyar Daura lokacin hazo. Da aka tattauna a majalisa, ga abin da aka tsayar.

Masu cewa a sa ƙwai mai wat 100 ba su samu goyon baya ba. Wani dattijo mai gyaran wutar mota ya ce: "Ɗana, ƙwan bai yi laifi ba, wutar ce ba ta isa gare shi." A tsofaffin motoci wuta kan bi ta makunni da siraran wayoyi masu tsatsa, sai ta rage a hanya. Babban ƙwai zafi zai ƙara, ya narkar da soket.

Don haka a fara da mita, na'urar auna ƙarfin wuta: in inji na aiki, batir ya nuna kusan bolt 14, sannan a auna bakin ƙwan. In giɓin ya kai bolt 1, ka gano ɓarawon. Maganinsa rile biyu (rile ƙaramin makunni ne da wuta ke tayarwa), na doguwar fitila da na gajeriya, da waya mai kauri daga batir, da fiyus dab da batirin. Makunni aikinsa ya zama tayar da rile kawai. Ƙwan H4 na asali, mai wat 60/55, ya wadatar.

Wayar at ma, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, a kankare mazauninta har ƙarfe ya fito fes. Ni a ganina da ita ya kamata a fara, tunda ba ta cin ko sisi.