Mai burtsatse ya ce ruwa na mita 40, amma rijiyar maƙwabci tana cika har baki

Baban Sadiya: Assalamu alaikum. Za mu fara gina rukunin gidaje a wani fili da yake ɗan kwari. Mai haƙa rijiyar burtsatse ya zo da na'urarsa ya auna, ya ce sai an kai mita 40 za a samu ruwa, don haka in zuba harsashi hankalina kwance. To amma tsohuwar rijiyar maƙwabcina, ance da damina da hannu ake ɗiban ruwanta. Maganar wa zan kama?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowannensu ya faɗi gaskiya, ruwan da suke nufi ne daban. Mai burtsatse yana neman ruwan da zai ɗauki famfo shekara da shekaru, shi kuwa yana can ƙasa. Wanda zai dami gininka shi ne na sama, wanda yakan kwanta a kan shimfiɗar yumɓu ya kasa nitsewa. Na'urar tasa wuta take turawa cikin ƙasa, ba a yi ta don gwajin harsashi ba.

Ka sa a haƙa ramukan gwaji, kamar mita 3, a kusurwoyin filin da kuma inda ya fi gangara. Kada a auna nan take. A yumɓu ruwa yana tsattsafowa a hankali, sai ramin ya kwana tukuna. Wanda ya fi haka, a kafa bututun roba mai huji-huji daga ƙasa, a zagaye shi da tsakuwa, a toshe samansa don kada ruwan sama ya shiga, a riƙa zura igiya ana rubutawa. Awon da za ka yi aiki da shi shi ne na ƙarshen damina. Na rani yaudara ne kawai.

Baban Sadiya: Injiniya, yanzu fa rani ne, masu kuɗin kuma ba za su jira damina ba.

Injiniya: To a dubi bangon ramin. Inda ƙasa ta koma ruwan toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, alama ce ruwa yana zama a wurin kowace shekara idan ya taso. A tsohuwar rijiyar ma za ka ga shatin inda yake tsayawa.

Maman Gida: Ni sokawe nake jiye muku, Alhaji. Ana so gindinsa ya tsaya aƙalla mita 1 sama da ƙololuwar ruwan, in ba haka ba bayan gida ya ƙi tafiya, ƙazanta kuma ta bi ta shiga rijiya. A nisanta su da juna kamar mita 30.

Tsohon Magini: Har tankin masai, in babu komai a cikinsa, ruwan ƙasa yana iya cicciɓo shi sama ya fasa bututu. In ruwan ya yi kusa, ku ɗaga daɓen da ciko, ku shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, don laima tana hawa bulo ta kwaye fenti.