Waɗanda suka fito da iyali daga arewacin Japan a Maris na 2011

Uwar yara biyu: Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda girgizar ƙasar ranar Juma'a, 11 ga Maris 2011, ta rutsa da shi a Japan ya faɗa mana yadda ya fita da iyalinsa, domin har yau ban gama yanke hukunci a raina ko mun yi daidai da muka tafi ba. Maigidana yana karatun digirin digirgir a Jami'ar Tohoku da ke Sendai, ya dawo daga masallaci ke nan, sai da ƙarfe 2:46 na rana gidan ya fara jijjiga, jijjigar da ta ƙi tsayawa har na fidda rai. Gidanmu yana kan tudu, nesa da teku, saboda haka ruwa bai iso mu ba, kuma ba mu san abin da tsunami, wato ambaliyar teku da ta biyo bayan girgizar, ya yi wa bakin teku ba sai da dare, ta bakin wata rediyo mai batir. Mun kwana uku a zauren wasanni na wata makarantar firamare, babu wuta, ga dusar ƙanƙara, ana raba bargo da curin shinkafa. Abin da ya tayar da mu shi ne fashewar da aka samu a tashar nukiliya ta Fukushima a ranar 12 da kuma 14 ga wata. Ruwa ya mamaye filin jirgin saman Sendai, jirgin ƙasa mai sauri ya tsaya, fetur ya yi wuya, don haka muka bi dogon layi muka hau bas zuwa Yamagata, daga nan Niigata, sannan jirgin ƙasa zuwa Tokyo. Jaka ɗaya muka ɗauka. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ta raba ruwan shanta da 'ya'yana, ta raka mu bakin hanya ta durƙusar da kai, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Mai sana'ar tsofaffin motoci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a kusa da tashar jiragen ruwa ta Sendai abin ya same ni, ina duba motocin da za a loda. Girgizar ta kai maki 9 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, amma ba ita ta kashe yawancin mutane ba, ruwan da ya biyo baya ne, kuma a wannan yankin ya ɗauki kusan awa guda kafin ya iso. Na shiga mota da niyyar ɗauko matata, sai na faɗa cunkoso, kowa ya yi tunani irin nawa. Wani direban babbar mota ne ya buga mini gilashi yana nuna babbar hanyar Sendai Tobu, wadda aka gina a kan tudun ƙasa. Na bar motar da makullinta a ciki na hau da ƙafa, kuma daga can na ga baƙin ruwa ɗauke da gidaje da motoci. Kwana biyu ban san halin da matata take ciki ba, saboda waya ba ta shiga, sai da na ga sunanta a takardar da aka manna a ƙofar wata mafaka. Daga baya na ji cewa mutanen gaɓar Sanriku suna da tsohuwar koyarwa da suke kira tendenko, wato idan ƙasa ta girgiza kowa ya gudu tudu, kada ya koma neman kowa. Da farko na ɗauke ta rashin imani, amma matata da haka ta tsira, domin ba ta tsaya jirana ba.

Mai jego a Saitama: Yaya, kada ki zargi kanki. Mu da muke kusa da Tokyo ma mun tafi, alhali ko kofi bai fashe mana ba. Jaririna yana da wata huɗu, ana ɗauke wuta bi da bi, sannan a ranar 23 ga wata hukumomin Tokyo suka sanar cewa kada a ba jarirai ruwan famfo saboda sinadarin nukiliya da aka gano a ciki, nan take ruwan gora ya ɓace daga shaguna. Abin da ya fi wahalar da mu takardu ne. A wancan lokacin baƙo ba ya fita ya dawo sai da izinin sake shiga, kuma mun yini a layi a ofishin shige da fice na Shinagawa tun kafin gari ya waye. Ga kuma waya daga Zariya dare da rana, mahaifiyata tana kuka saboda abin da take gani a talabijin, yayin da maƙwabtanmu suke zuwa aiki kamar kullum. Gwamnatin Japan ta kwashe mutane daga kilomita 20 kewaye da tashar nukiliyar Fukushima, Amurka kuwa ta ce wa 'yan ƙasarta su nisanci kilomita 80, to wa mutum zai bi? Muka sauka Osaka, daga can muka tashi.

Tsohon ɗalibi: Ni ban tafi ba, domin ba ni da iyali kuma ba ni da kuɗin tikiti. Na shiga cikin masu kwashe laka daga gidaje a Ishinomaki, wani gari na bakin teku da tsunami ya mamaye. Da a ce ina da yara, Hajiya, da tare za mu hau bas ɗin nan.

Uwar yara biyu: Na gode muku, Allah Ya saka da alheri, Ya kuma ji ƙan musulmin da suka rasu, Ya ba iyalan duk waɗanda suka yi rashi haƙuri, domin kusan mutum 15,900 aka tabbatar da mutuwarsu, wasu fiye da 2,500 kuma ba a gan su ba. Mun koma Sendai a watan Mayu, bayan jirgin ƙasa ya dawo aiki. Mun tarar da kwanukanmu a tarwatse saboda girgizar da ta sake aukuwa ranar 7 ga Afrilu, tsohuwar nan kuma ta riƙe mana wasiƙunmu duka a cikin leda, ta jera su bisa kwanan wata.