Wa ya taɓa karɓar kare daga hannun masu riƙo a nan Ingila?

Maman Biyu: Salama jama'a. Yaran nan sun hana ni sakat, wai sai an kawo kare gidan. Na ga akwai ƙungiyoyin da ba su da wurin ajiya nasu, sai su raba karnukan da suka ceto ga mutane su riƙe a gida har a samu mai ɗauka. Wa ya taɓa bi ta nan? Ko gara in nufi Dogs Trust, babbar ƙungiyar ceton karnukan nan mai wuraren ajiya nata, kai tsaye? Muna Leeds.

Ɗan Bukuru: Anti, gidan naku ne ko haya?

Maman Biyu: Haya ne, amma da ɗan fili a baya.

Ɗan Bukuru: To ki fara karɓo amincewar mai gidan a rubuce. Galibinsu ita za su fara tambaya.

Alhajin Bradford: Ikon Allah. Kare ma sai da fom. A Fagge in ka jefa ƙashi sau biyu ai ya zama naka.

Baban Nana: Maman Biyu, ki karanta wannan a tsanake. Mu ta wani shafi a Facebook muka samu tamu, karya ce daga Romaniya. Hoto tsaf, an rubuta tana son yara, tana gidan riƙo. Ashe gidan riƙon can yake, babu wanda ya taɓa kwana da ita a ƙasar nan. Aka ce mu tura kuɗi, mu jira a wurin ajiye motoci na wani gidan mai a kan babbar hanya. Tsakar dare wata farar motar kaya ta tsaya, aka buɗe baya, keji kan keji, ga wari. Direba ya miƙo mini igiya da ɗan littafin fasfonta, ya ja motarsa.

Muna isa gida ta kutsa lungun injin wanki ta lafe. Ba ci ba sha. Ka miƙa hannu sai ta saki fitsari a wurin don tsoro. Ba ta san matakalar bene ba, ƙarar talabijin ma firgita ta take yi, ga Nana lokacin tana rarrafe. Likitan dabbobi yana ganin fasfon ya ce sai an yi gwajin Brucella canis tukuna, wata cuta da ake samu a jikin wasu karnukan da ake shigowa da su daga gabashin Turai, kuma tana iya kama mutum. Mun gode Allah ba ta da ita, amma kuɗin gwajin daga aljihuna ya fita. Na yi ta neman masu shafin, da ƙyar suka amsa, wai in yi haƙuri za ta saba. Maganar su karɓi abarsu kuwa, shiru.

Wata dattijuwa mai riƙo a wata ƙungiyar daban ce ta cece mu. Ta ajiye ta cikin nata karnukan har ta dawo hayyacinta, sannan ta nema mata gidan da babu ƙananan yara. A wurinta na ga yadda ake abin. Don haka kada ki biya ko kwabo sai kin yi magana da wanda karen ke kwana a gidansa, kin je kin gan shi da idonki, ke da yaran. Ki tambaya: ya taɓa zama da yara? In an bar shi shi kaɗai yana haushi ko yana yaga kujera? Me yake yi in an buga ƙofa, ko in an taɓa kwanon abincinsa yana ci? Mai riƙo na gaskiya zai amsa miki har da abin da ba ki tambaya ba. Sannan ki duba takardar yarjejeniya ko an rubuta za su karɓe shi in zama ya ƙi.

Maman Biyu: Kai, sannu Baban Nana. Jikina ya yi sanyi.

Sista Sheffield: Kada ya yi sanyi. Namu daga gidan riƙo yake kuma lafiya lau. Sun zo sun zagaya gidan, suka ce mu toshe wata kafa a ƙasan shinge kafin su ba mu. Wanda bai damu ya ga gidanki ba shi ne abin gudu. In sun ce su ƙungiyar agaji ce mai rajista, ki nemi lambarsu a shafin Charity Commission, hukumar da ke yi wa ƙungiyoyin agaji rajista.

Malam Leicester: Ni dai tunatarwa ce. Hadisi ya zo cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma sassaucin da aka yi na farauta ne da kiwo da gadin gona.

Ɗan Bukuru: Allah gafarta Malam, Anti fa 'yar ECWA ce.

Malam Leicester: Na sani. Akwai masu karantawa da ba su ce komai ba.

Baban Nana: Malam, ai a Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Kuma mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa gafara ya samu.

Malam Leicester: Shayarwa daban, kwana a kan kafet ɗin falo daban.

Shugaban Zaure: Malamai, a kai wannan zauren karatu don Allah.

Sista Sheffield: Maman Biyu, abu biyu na doka. Tun 2016 wajibi ne a sa wa kare ɗan guntun shaidar nan na lantarki a ƙarƙashin fata, tarar rashinsa tana kai fam 500, ki tabbata an sabunta bayanan da adireshinki. In za ku fita kuma sai da sunanki da adireshi a abin wuyansa. Kuma duk wanda ya ce zai ba ki irin ƙaton karen nan da ake kira XL Bully ki wuce, tun ƙarshen 2023 aka haramta sayar da shi ko bayar da shi kyauta a Ingila da Wales.

Alhajin Bradford: Ba wanda ya gaya mata kare ba shi da NHS, wato babu asibitin gwamnati na kyauta. Abokin aikina ya kusa kuka da aka yi wa nasa aikin ƙafa.

Ɗan Bukuru: Inshora kenan. Amma ciwon da ya zo da shi tun farko yawanci ba sa biya.

Hajiya Bolton: Ni tambayata ɗaya. Yaran da ke kukan kare yau, su ne za su fita da shi da asuba a watan Janairu, su kwashe kashinsa a leda? Kuma in kun tafi Jos Kirsimeti wa za ki bar wa?

Maman Biyu: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Babansu ma haka ya ce.

Sista Sheffield: Ki fara da riƙon ke ma. Ƙungiyoyi da yawa su ke ɗaukar kuɗin likita, ki ga ko yaran za su jure. Amma ki bari 5 ga Nuwamba ta wuce, ƙarar wasan wutan da ake yi a daren ranar tana rikita karnuka sosai.

Alhajin Bradford: Tunda an ambaci Jos, wa zai dawo kafin sabuwar shekara? Ina da saƙon kilishi.

Ɗan Bukuru: Alhaji, nama ba ya wuce kwastan. Sai dai a kawo maka yajin.

Maman Biyu: Sista, zan kira ki in kin tashi daga aiki. Ƙarfe nawa?

Sista Sheffield: Dare nake yi wannan satin, ki bari sai Lahadi bayan coci.