Tsohon injin wanki mai matse kaya daga Panteka: ta ina zan fara gyaransa?

Baban Husna, Barnawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai tara tsofaffin kayan aikin gida ne, keken ɗinki, dutsen guga na gawayi, fitilar aci-bal-bal da makamantansu. A wurin 'yan gwangwan na Tsohuwar Panteka na ci karo da injin wanki na Maytag, irin mai ƙafa huɗu da taya, da rola biyu a sama masu matse kaya. Saura ƙiris a sa masa guduma a auna shi a kilo. Bahonsa mai kusurwa huɗu ne, na alminiyom, kuma an buga E2L a jikinsa. Mai kayan ya ce daga wani tsohon gida a Unguwar Rimi aka kwaso shi.

Ga halin da yake ciki. Farantin moto ya nuna 115V, 60Hz. Majuyin, wato abin da ke juya kaya a tsakiyar baho, ya kafe, ya ƙi fita. Rolar ƙasa ta tsattsage, baƙin mai kuma yana bin ƙafa ɗaya yana ɗiga. Burina ya koma wanki sosai, ba ado a falo kawai ba. Shin in bar motonsa na asali in haɗa da sitef-dawun, ko in canza? Rolar kuma ya zan yi da ita?

Tsohon Fita, Kakuri:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka ceto shi. Na yi aikin gyaran injuna a masaƙa lokacin da Kakuri ke Kakuri, kuma irin wannan ƙirar ce nake so: moto, bel, giya, shi ke nan. A da kamfanin yana garin Newton ne a jihar Iowa ta Amurka, kuma bai daina ƙera masu matsi ba sai 1983, don haka naka ba lallai ya kai tsufan da kake zato ba.

Kada ka kuskura ka jona shi kai tsaye. Wutarmu 230V ce, nan take koyil zai ƙone. Sitef-dawun zai rage ƙarfin wutar, amma ba ya mayar da 50Hz ta zama 60. Moton da aka yi don ya juya sau 1725 a minti zai dawo wajen 1440, kuma zai riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda ya saba. Ƙara da cewa lokacin tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin, ƙaramin sitef-dawun na rediyo ba zai ɗauke shi ba. Shawarata, ka kwance na asalin, ka goge shi, ka naɗe a leda ka adana. Ka sayi moto na wutarmu mai ƙarfin sulusin doki. Ka lura da abu biyu: ya juya ta ɓangaren da tsohon ke juyawa, sannan ka sa fuli, wato kewayayyen ƙarfen da bel ke hawa, da ya ɗara na da girma da kamar kashi ɗaya cikin biyar, don gudun ya koma daidai. Kada ka huda sabon rami a jikin injin, a yi maka ƙaramin faranti da zai hau ramukan da ke nan.

Maganar mai, ka tambayi yadda aka kawo shi gida. In an kwantar da shi a bayan a-kori-kura, to man giya ne ya malalo, ba wata cuta ba ce. Amma ka ɗiba ka duba. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ke shiga ta sil ɗin, wato abin da ke tare ruwa a ƙarƙashin majuyin, sai an canza shi. Shi majuyin, cika bahon da ruwan zafi ka bar shi ya jiƙa, sannan ka riƙa girgiza shi da hannu biyu kana jan sa sama. Ban da guduma, ban da zura ƙarfe a ƙarƙashi kana bankarawa. Kuma kada ka wanke bahon da soda, tana cin alminiyom.

Maman Walida, Tudun Wada:

Baba ya gama da ɓangaren ƙarfe, ni ta matsin zan yi magana, don na yi wanki da irinsa a gidan yayar mahaifiyata a kwatas ɗin reluwe. Nata Hoover ne ɗan ƙarami daga Ingila, matsinsa da hannu ake juyawa. Naka kuwa moto ke jan sa, ba ya sanin zani da yatsa. Baban Husna, don Allah kafin fenti, kafin komai, ka tabbata sandar nan ta saman rola tana aiki, wadda in an buge ta rolar ke buɗewa. In ba ta saki da bugu ɗaya ba, kada a kunna shi a gidan da ke da yara. Mai wanki ta ɗaure mayafi da bakin hijabi, ta riƙa tura kaya da muciya, ba da yatsu ba.

Zanin gado, tawul, atamfa, kayan makaranta, duk yana matse ruwansu sosai, da damina wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Maɓalli da zif sai an naɗe su ciki, in ba haka ba ya farfasa su. Shadda mai aiki kam ni ba zan sa ba, a kai wa masu wanki da bugu. Abin da ya fi burge ni shi ne ruwa: da bokiti ake cika shi, ba ya jiran famfo, kuma ruwan kumfa ɗaya za a fara da farare, a bi da masu launi, a ƙare da tsummoki. Mu da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa mun san darajar haka.

Sadiq Mai Walda, Rigasa:

Yallaɓai, ni da na ce ka sa masa ƙaramin injin fetur irin na markaɗe, ka huta da jiran wuta. Rola kuma akwai masu zuba roba, a sake lulluɓe ta.

Tsohon Fita, Kakuri:

Sadiq, dabararka tana da asali. Tun 1915 Maytag ke sayar da mai injin fetur saboda gonakin da lantarki bai kai ba. Sai dai na markaɗe ya yi masa ƙarfi da gudu, giyar za ta wahala, ga hayaƙi a tsakar gida. Ƙaramin janareto ya fi.

Zuba roba kuwa na yarda, da sharaɗi. Rola biyun ba taurinsu ɗaya ba, ɗaya ta fi laushi don ta ba maɓalli hanya. A auna kaurin tsohuwar kafin a ɓare ta, a kai ta wurin tona, mai injin fere ƙarfe, ya daidaita bayan an zuba. In an gama wanki kullum a saki matsin, in an bar su a manne robar na shafewa ta gefe ɗaya. Wayar injin ma a canza gaba ɗaya, a sa mai uku, a ɗaure wayar at, wato mai kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum, a jikin ƙarfen, tunda mai wanki a jiƙaƙƙen siminti take tsayawa.

Baban Husna, Barnawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, a kwance aka kawo shi, kuma na duba man, baƙi ne wuluk, babu alamar ruwa. Majuyin ya fito bayan ruwan zafi. Hajiya, sandar tana da tauri, sai an danna da ƙarfi take saki, don haka da ita zan fara. Wanda ya san mai zuba roba na kirki tsakanin Panteka da Kakuri ya taimaka mini da kwatance.